"Fajtanibuhu": Nisan da Ake Aunawa da Taku

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Da Allah Maɗaukaki Ya saukar da hukunci na ƙarshe a kan giya, a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kalmar da Ya zaɓa ita ce "fajtanibuhu", wato ku nisance shi. Mukan ɗauka nisan zuciya kaɗai ake nufi, alhali har da nisan da ƙafa ke aunawa.

Ku dubi bawan Allah da ya tuba, amma shagon giya na bakin layinsu. Ya taso daga aiki a gajiye, rai a ɓace. Kafin ya kai ƙofar gida sai ya ratsa ta gaban shagon, ya ji ƙarar kwalabe, warin ya daki hancinsa, wani tsohon abokin zama ya ɗaga masa hannu: "Haba malam, ko gaisuwa babu?" Yau ya danne, gobe ya danne, amma yau da gobe sai Allah. Wanda shago ya yi wa nisa, sai ya shirya, ya nemi abin hawa, kuma sau da yawa nadama kan tare shi a hanya. Shi kuwa wannan, raunin minti biyu ya ishe shi faɗawa.

Masu bincike ma sun gano haka. Wani nazari a ƙasar Finlan, da aka wallafa a 2013, ya bi dubban ma'aikata na tsawon shekaru, ya tarar cewa idan mashaya ta matso kusa da gidan mutum, haɗarin ya zurma cikin sha mai yawa yana ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 da giya a 2019, tana ba gwamnatoci shawarar taƙaita wuraren sayarwa da lokutan buɗe su.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari. Malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya nan ba, ya umarce shi ya bar garinsu domin mugun wuri ne, ya koma inda ake bauta wa Allah.

Na sani, ba kowa ke da halin tashi daga gida ba. To, sauya hanyar dawowa ko da ta fi tsawo, ka daina tsayawa hira a bakin wurin, kuma idan za ka kama sabon gida, ka zaga unguwar da dare kafin ka biya.

Mu kuma maƙwabta, mu rage tsinuwa. An kawo wa Annabi (SAW) wani da ya sha giya, wani ya yi masa mugun baki, sai ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan uwansu. In ka san lokacin da maƙwabcinka ke dawowa, tare shi a bakin layi ku wuce shagon tare.