Gwaggo, kafin furarki ta ƙare

A gidanmu Injiniya ake kirana, tun ranar da na gyara rimot ɗin talabijin, alhali batir kawai na canza. Shi ya sa da Gwaggo ta kawo memorin kyamara, ta ce in zuba mata hotunan bikin 'yarta za ta kai wanki, na ce, "Gwaggo, kafin furarki ta ƙare an gama."

Na zura memorin a kwamfutata mai Ubuntu, wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na jawo hotunan. Ta ƙi. Wai memorin na karantawa ne kawai, ba a rubutu a kansa. Kwamfutar da na yi wata shida ina zubin adashe kafin in saya, yau ita ke gindaya mini sharaɗi.

Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, don Gwaggo ta ga aiki. A Linux kowane fayil yana da lambobin izini guda uku: na mai shi, na 'yan rukuninsa, da na sauran jama'a. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1, idan ka haɗa su 7. Saboda haka 777 gidan biki ne, kowa ya shigo ya ci ya goge hannu a labule. Na san masana sun hana. Amma furar ta kusa rabi.

Na rubuta sudo, wato na ari hular mai gida, na bi shi da chmod, umarnin canza izini, da 777, na ce ya bi har cikin kowace jaka. Wajen rubuta adireshin memorin sai yatsana ya bar tazara bayan karan farko (/). A Linux wannan karan shi kaɗai yana nufin tushen kwamfutar gaba ɗaya. Rubutu ya yi ta gudu kamar ruwan Agusta, ni kuwa ina gyaɗa kai.

"Injiniya, lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo, tana tunani ne."

Da na gane ɓarnar, na kira sudo ya gyara. Shi ma ya ce ba zai yi aiki ba, don na goge masa alamar da yake zama mai gida da ita. Garin neman gira na rasa ido, memorin kuwa ko gezau.

Sai autar Gwaggo, 'yar aji huɗu a firamare, ta zare memorin, ta sa farce ta tura wani ɗan maɓalli da ke gefensa sama. "Yaya, ai a kulle yake." A kwamfutar maƙwabcinmu aka zuba hotunan, ko minti uku ba a yi ba.

Kwana na yi ina sake ɗora Ubuntu. Da safe na ji Gwaggo a tsakar gida tana kiran Injiniya, na amsa da ƙarfi. Ta ce, "Ba kai ba."