Kwana biyar ɗin da ake asarar ƙwan mace a cikinsu

Duk wanda ya taɓa dashen tumatir ko albasa ya san ba a lokacin cirewa daga bedi shuka ke mutuwa ba. Kwanakin farko bayan an dasa ta, kafin saiwa ta kama ƙasa, su ne masu haɗari. Wannan ne ya faɗo mini a rai da nake bibiyar aikin ajiye gidan ƙwan mace kafin a yi mata maganin cutar kansa, wato ciwon daji.

Ga yadda abin yake. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar kansa, da gashin cutar da na'ura suna iya ƙone ƙwayayen mace, ta warke amma haihuwa ta tafi. Shi ya sa likitoci ke yanko ɓawon gidan ƙwan, su yayyanka shi sirara, kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, su daskarar a ruwan naitirojin. Idan ta warke sai a mayar mata. A 2004 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Burasels ta Beljiyam, a hannun Farfesa Jacques Donnez, mahaifiyar kuwa tun 1997 aka ajiye nata. Zuwa yau an haifi yara sama da 200, kuma a 2019 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran aikin gwaji.

Abin da ke damuna shi ne, duk surutun a kan daskarewar yake, alhali ba nan ɓarnar take ba. Sanyi kaɗan yake kashewa. Matsalar ita ce wannan tsokar ba kamar ƙoda ba ce da ake ɗinke jijiyarta da ta mai karɓa, jini ya wuce nan take. Ɗora ta kawai ake yi, ta zauna tana jiran jiki ya tsiro mata sababbin hanyoyin jini. Kusan kwana 5 take yi cikin yunwar iskar oksijin, sai wajen kwana 10 jini ke wadatuwa. A wannan ɗan tsakanin ana iya rasa fiye da rabin ƙwayayen. Fiye da rabi fa! Shi ya sa dashen ke ɗan yin shekaru yana aiki, sannan ya ƙafe.

Donnez kansa ya hango wannan. Mako ɗaya kafin dashen ya fara shiga ya ɗan yanka wurin da zai ɗora tsokar, don raunin ya jawo jijiyoyi, kamar manomin da ke jiƙa rami kafin ya kawo dashe. An kuma gwada sinadarin VEGF mai kiran jijiyoyin jini, an gwada melatonin da bitamin E don rage ɓarna, su Farfesa Marie-Madeleine Dolmans kuma sun yi amfani da ƙwayoyin halitta na asali da aka tato daga kitse, suka ga jini ya iso da wuri, ƙwayaye da yawa sun tsira. Sai dai yawancin wannan a jikin ɓeraye aka gani, don haka kada wani ya zo ya sayar muku da shi a matsayin gamammen magani.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ko na'urar gashin kansa ba ta ishe mu ba. Ruwanmu ne. Mace ta farko da ta haihu da tsokar da aka ajiye mata tun tana yarinya mai sikila ce, 'yar asalin Kongo. Tana shekara 13 aka cire, kafin a yi mata dashen ɓargo don maganin sikilar, ta haihu a ƙarshen 2014 a Beljiyam. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, kuma tun 2011 aka fara dashen ɓargo a garin Benin na jihar Edo, ga masu hali da ke kai 'ya'yansu Indiya. Kafin dashen ɓargo sai an ba yarinya kemo mai ƙarfi. Yarinyar da ba ta fara al'ada ba kuma ba a iya ɗibar ƙwanta ɗaya-ɗaya a ajiye, wannan tsokar ita ce kaɗai hanyarta. Abin da aka yanka ranar nan shi ne duk jarinta, to yaya za a ce rabinsa ya salwanta a kwana biyar ba abin damuwa ba ne?

Iyayen da ke shirin wannan tafiya, ku tambayi likita tun kafin a sa ranar kemo: me za a yi game da haihuwarta? Mun san irin kallon da ake yi wa matar da ta shekara uku a ɗakin miji ba ko ɓari.