Ba harshe ne ya kayar da faifan Turanci na Françoise Hardy ba

Da mawaƙiyar Faransa Françoise Hardy ta rasu ranar 11 ga Yuni, 2024, tana da shekara 80, yawancin masu ta'aziyya sun tsaya ne a kan 1962. A shekarar ce yarinya 'yar shekara 18 ta fito a talabijin ɗin Faransa da waƙarta "Tous les garçons et les filles", a daren da jama'a ke zaune suna jiran sakamakon ƙuri'ar raba gardama, gari bai waye ba sai da ƙasar ta san sunanta. Ba a yi mata ƙarya ba. Amma akwai wani aikinta da aka wuce shi da sauri, wato faifan da aka sani yau da suna If You Listen, kuma a ganina an daɗe ana ba da bahasin faɗuwarsa ba daidai ba.

Abin da aka saba faɗa shi ne, Bafaranshiya ta bar harshen iyayenta ta bi kasuwar Turanci, kasuwar ta ƙi ta, na gida kuma suka juya mata baya. Wannan zance yana da daɗin faɗa, sai dai waƙoƙin da ke cikin faifan ba su goyi bayansa ba.

Turanci ba baƙon abu ba ne a bakinta. Tun 1965 waƙarta "All Over the World" ta shiga sahun ashirin na farko a Birtaniya, ta kuma yi waƙa da Italiyanci da Jamusanci, kamar yadda kamfanonin faifai na lokacin suke sa taurarinsu. Waɗancan su ne na neman kasuwa, domin galibi waƙoƙinta ne na Faransanci aka sauya musu riga. If You Listen, da aka naɗa a 1971, daban ne. Ta tafi Landan, ta shiga ɗakin naɗar sauti na Sound Techniques da ke unguwar Chelsea, inda ƙungiyar kiɗa ta Fairport Convention da mawaƙi Nick Drake suka yi ayyukansu, ta yi aiki da mai shirya faifai Tony Cox da makaɗan salon folk rock, wanda ke haɗa zubin waƙoƙin gargajiyar Ingila da jita da gangunan zamani. Richard Thompson, tsohon ɗan ƙungiyar Fairport Convention, na cikin waɗanda suka kaɗa mata jita.

Sai a dubi abin da ta zaɓa ta rera. Akwai na sanannu, irin su Randy Newman da Neil Young da Buffy Sainte-Marie. Amma akwai waƙoƙin Beverley Martyn, akwai kuma "The Garden of Jane Delawney" ta ƙungiyar Trees, wadda ko a Ingila ba ta yi wani tashe ba a zamaninta. Mai neman kuɗi ba ya ɗaukar kaya daga rumfar da ba a ciniki. Wanda ya zaɓi irin waɗannan waƙoƙi ya zauna ne ya saurare su har suka shiga ransa. Shi ya sa nake ɗaukar faifan a matsayin aikin mai sauraro kafin ya zama aikin mawaƙiya. Muryarta ba ta da ƙarfi, ita ma ba ta taɓa da'awar haka ba, kuma lafazinta na Faransanci yana nan bai ɓuya ba. A irin wannan kiɗa mai sanyi, wanda ba ya son ihu, waɗannan biyun sun zame mata ado.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce faifan da ya gabace shi. A 1971 ta fitar da La Question tare da Tuca, makaɗiyar jita 'yar Brazil. Da Faransanci aka yi shi, yau kuma masu sharhi da yawa suna kiran sa gwanin ayyukanta, amma shi ma bai sayu ba. Idan na Faransanci ya faɗi, na Turanci ya faɗi, to laifin ba na harshe ba ne.

Inda matsalar take shi ne hanyar da faifai ke bi ya isa kunnen mutane. Hardy ta daina hawa dandali tun 1968, don haka babu yawon wasa da zai tallata sabon aiki. Ta rabu da kamfanin Vogue da ya ɗaga ta, ta koma tana shirya faifanta da kanta, Sonopresse na rarraba mata. 'Yancin da ta samu na yin abin da take so ya zo da tsada, domin babu wani babban kamfani da zai tura mata faifan a Birtaniya, inda masu son wannan salon suke. Ga kuma al'adar fitar da faifai ba tare da take ba, sai sunanta kawai a bango, abin da ya sa har masu sayarwa ke rikita wannan da wancan. Haka faifan Turancin ya fito a Faransa a 1972, ya wuce shiru. Shekara guda bayan haka ta koma kamfanin WEA, ta yi faifan Message personnel da mawaƙi Michel Berger, kasuwa ta dawo mata.

Na yarda akwai abin da masu suka za su riƙe. Hardy marubuciya ce, kuma a wannan faifan kusan duk kalmomin na wasu ne, don haka wanda ke neman alƙalaminta ba zai same shi sosai a nan ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba zan sa shi gaba da La Question ba. Sai dai wannan magana ce ta ɗanɗano, ba ita ta hana mutanen 1972 jin sa ba.

Sai a shekarar 2000 kamfanin Virgin ya sake fitar da shi a faifan CD da taken If You Listen. A lokacin Nick Drake, wanda ya rasu a 1974 ba tare da ya ga nasara ba, ya riga ya zama abin nema ga sabbin matasa, kuma masu bin sawun makaɗan Sound Techniques suka iske Bafaranshiyar tana can tare da su tun shekara 29 da suka wuce. Ba a ƙara wa waƙoƙin komai ba. Take aka ba faifan, aka kuma kai shi kanti.