An karɓi kuɗin wuyan bariton, an maido mini da jita gurguwa

Duk wanda ya riƙi kaɗa jitar lantarki a matsayin sana'a a Sakkwato ya san cewa ranar da kayan aikinsa suka buƙaci gyara ya shiga uku, domin masu gyaran da ake da su na amfilifaya ne da lasifika, kuma wasunsu suna ganin duk abin da ake jona wa waya fagensu ne. Ba na jin haushin ƙarancin ƙwararru, tunda garin kotso da taushi da kalangu ne, jita kuwa baƙuwa ce wadda ta fi shigo mana ta hannun makaɗan Nijar. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutum ya karɓi aikin da bai san kansa ba, ya karɓi kuɗi masu nauyi, ya lalata kayan da nake ci da iyalina da su, sa'annan ya dubi tsabar idona ya ce kunnena ne yake da matsala.

Abin da na nema ba sabon abu ba ne a duniya. Mawaƙin da nake yi wa kiɗa muryarsa mai kauri ce, kuma a ƙananan bukukuwa ba kullum ake iya ɗaukar mai kaɗa bes, wato jita mai babbar murya, ba, saboda haka na so a mayar da jitata bariton, wato a saukar da muryarta taki biyar, tsirkiya mafi kauri ta tashi daga E ta koma B, ba tare da yatsu sun sake koyon wani sabon kamu ba. Kamfanin Danelectro na Amurka ya fitar da irin wannan jita tun ƙarshen shekarun 1950, Fender kuma ya fitar da Bass VI mai tsawon inci 30 a 1961. Jitata samfurin Stratocaster ce, irin wadda wuyanta yake ɗaure da sukuru huɗu da farantin ƙarfe a baya, ba irin Les Paul da ake manne wa wuya da gam ba. Tun asali an tsara irin tawa ne domin a iya kwance wuya a ɗaura wani. Wannan sauƙin ne ya ruɗi Injiniyan da na kai wa aikin, har ya ce mini: “Malam, wanga ai ba komi na ba, sukuru huɗu na, bar mini shi.”

Gaskiya ne sukuru huɗu ne, amma aikin gaba ɗaya a kan awo yake tsaye. Tsawon tsirkiyar irin jitata, daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa jakin da ke kan jiki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a kansa, inci 25.5 ne, kuma dole firet na 12, wato na sha biyu cikin siraran ƙarafan da aka gitta a kan wuya, ya faɗi a tsakiyar wannan tsawo, in ba haka ba duk inda yatsa ya danna ƙarya za ta fito. Jakin a kafe yake a jikin jita, 'yan sirdinsa kuma, inda kowace tsirkiya take zama, ɗan motsi kaɗan suke iya yi gaba ko baya. Saboda haka ne masu ƙera wuyan sauyi, wato dogon wuyan da ake ɗaura wa jita domin ta koma bariton, suke yin lissafi na musamman: suna barin wajen gindi kamar yadda yake, su ƙara tsawon ta wajen kai, tamkar an ƙara firet ɗaya ko biyu a sama. Idan ɗaya aka ƙara, tsawon ya zama inci 27, kamar wuyan Sub-Sonic na Fender. Idan biyu ne, ya zama inci 28 da 5/8, kamar na kamfanin Warmoth. Na biyun nan na nema, na rubuta masa awon a takarda, na bayyana masa cewa gindin wuyan Stratocaster zagayayye ne, na Telecaster kuwa mai kusurwa, kuma faɗin gurbin inci 2 da 3/16 ne. Ya karɓi takardar yana murmushi irin na wanda ake koya wa abin da ya riga ya sani, ya ce zai sa a aiko daga Legas.

Na biya kuɗin da ya yanka ba tare da na yi ciniki ba, domin na san yadda dala ta yi tashin gwauron zabi, na san akwai kuɗin kwastam da na mota. Daga nan aka shiga yi mini yawo da hankali. Yau a ce kaya sun baro Legas, gobe a ce direba ya tsaya a hanya, jibi a ce yaron shago ya je tasha bai samu mai webil ba. Na yi haƙuri da wannan duka, tunda kowa ya san halin hanyoyinmu.

Da aka ce in zo in ɗauka, tun kafin in jona ta na ga cewa wuyan da ke jikinta ba sabo ba ne, kuma ba na sauyi ba ne. An cire shi ne daga wata jitar bariton ta wani kamfani dabam, wadda aka ƙera jikinta da nata lissafin. Na ɗauko tef na auna a gabansa. Daga ƙashin sama zuwa firet na 12 inci 13.5 ne, daga firet na 12 zuwa jaki kuwa ya haura 14, alhali ya kamata su zo kusan daidai. Na nuna masa lambobin, sai ya ce: “Wallahi Malam, wanda munka sa ya hi wancan ƙarhi, wuya ai wuya na.” Da na kaɗa masa tsirkiya a sake, sa'annan na danna firet na 12 ya ji yadda muryar ta kasa kaiwa inda ya kamata, sai ya ce kunnena ne bai saba da bariton ba tukuna. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban taron biki da jita a wuyansa ba shi ne yake gaya mini abin da kunnena ya saba da shi!

Wannan kuskuren awo ba ya gyaruwa da murɗa sirdi, ko da an kai su ƙarshen zarensu. Jitar tana iya yin daidai idan an kaɗa tsirkiyoyi a sake, amma da zarar hannu ya gangara ƙasa sai sauti ya riƙa kaucewa, kuma kaucewar tana ƙaruwa da kowane firet. Mai kiɗan fiyano ba zai iya bin ta ba, mawaƙi kuma sai ya riƙa waiwayena kamar na yi masa da gangan.

Ɓarnar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya tana ɓoye ne a ƙarƙashin farantin baya. Da na kwance sukurun a gida, sai na tarar cewa gindin wuyan bai shiga gurbin ba, shi ne aka sa cizal aka sassaƙe gefen gurbin har fenti ya tsage, aka huda sababbin ramuka kusa da tsofaffin, aka cusa tsinken ashana da gam a inda sukuru ya ƙi kamawa. Ko ɗan koyo a layin kafintoci ba zai yi wa ƙafar benci irin wannan aika-aika ba. Gurbin nan shi ne inda wuya da jiki suke haɗuwa su riƙe jan tsirkiya shida, kuma idan ya yi sako-sako wuyan yakan goce gefe har tsirkiyar ƙarshe ta riƙa zamewa daga bakin firet. Haka tawa take yi yanzu. Babban amfanin wuyan sauyi shi ne ranar da mutum ya gaji da bariton ya kwance ya mayar da tsohon wuyansa, jita ta koma yadda take. Wannan damar ce aka sassaƙe mini da cizal.

Sauran aikin ma babu wanda aka yi. Bariton yana buƙatar tsirkiya mai kauri, irin saitin da yake farawa daga lamba 13 ya ƙare a 62, amma sai aka mayar mini da tsofaffin tsirkiyoyina masu lamba 10 zuwa 46, aka sassauta su har suna kaɗawa suna dukan firet. Ba a duba sandar ƙarfen da ke cikin wuya ba, wadda ake murɗawa domin daidaita lanƙwasarsa, ba a kuma taɓa sifirin ɗin da ke bayan jaki ba, alhali sauya nauyin tsirkiya yana sauya yadda suke ja. Da na sayo masu kaurin da kuɗina, sai na ga ramukan ƙashin sama ma ba a share su da magagari yadda ya dace ba, wasu an zurfafa su fiye da kima, wasu kuma tsirkiya tana makalewa a ciki. A garin da zafin bazara yake haura digiri 40, hunturu kuma yake busar da itace har bakin firet ya fito yana yankar yatsa, wuyan da ba a daidaita shi da kyau ba tun farko ba zai kai wata shekara a miƙe ba.

Na koma na ce a ba ni tsohon wuyana, ko ba komai in lallaɓa in ci gaba da neman abinci. Nan ne aka gaya mini cewa wai an ba da shi a matsayin ciko wajen musayar wanda aka sa mini. Ban ba kowa izinin sayar da shi ba, ba a tambaye ni ba, ba a kuma rage mini ko sisi daga kuɗin da na biya na sabon kaya ba. Wato an karɓi kuɗin wuya sabo daga ƙasar waje, an ba ni kwance wanda bai dace ba, an kuma haɗa da nawa na asali an tafi da shi. Da na ɗaga murya sai maƙwabtan shago suka taru suna cewa in yi haƙuri, ai Injiniya mutumin kirki ne, kowa yana kuskure. Ban musa kirkinsa ba, amma haƙurin da ake nema daga gare ni ba zai biya hayar jitar da nake karɓa a hannun wani a duk daren da muke da wasa ba, kuma babu wanda ya ce masa shi ma ya yi haƙuri ya fito da kuɗin mutane.

Abin da nake nema a fili yake. A dawo mini da wuyana na asali, ko a biya ni kuɗinsa a farashin yau. A mayar mini da kuɗin wuyan sauyin da ba a taɓa sayowa ba, ga nasu nan su ɗauka. A kuma biya kuɗin kafintan da zai cike gurbin da itace mai ƙwari, ya toshe ramukan banza, ya sake fitar da shi a kan awonsa na inci 2 da 3/16, domin sai an yi haka kafin wani wuya, tsoho ko sabo, ya zauna daram a jikinta. Na riga na sanar da shugaban masu gyara na layin, ya ce mu haɗu bayan sallar Juma'a, kuma zan je da jitar a kwance, da takardar da na rubuta awon a kanta, da shaidar tura kuɗin ta banki. Idan zaman bai haifar da komai ba, kotu zan nufa.