Jaguar ta koma makarantar Harley Earl

Tun da Jaguar ta baje motar nan Type 00 a Miami a Disambar 2024, ruwan hoda, babu gilashin baya, an kuma ƙawata cikinta da dutse da tagulla, masu kare ta magana ɗaya suke maimaitawa: ai dama aikin motar gwaji ke nan, wato motar da ake ƙerawa don nuna sabon salo ba don sayarwa ba, ta girgiza jama'a. Duk wanda ya faɗi haka bai san inda abin ya samo asali ba.

Motar da akasari ake ɗauka a matsayin motar gwaji ta farko ita ce Buick Y-Job, wadda sashen zane na General Motors ya ƙera a 1938 ƙarƙashin shugabansa Harley Earl. Doguwa ce, ta kwanta ƙasa, kujera biyu, an ɗora ta kan ƙashin Buick mai injin silinda 8 a jere. A lokacin galibin motocin Amurka suna da matakalar gefe da ake takawa a shiga, ita kuwa aka cire mata. Fitilun gaba suna ɓuya cikin jiki, sai an kunna su leƙo. Gilasan ƙofa da lantarki suke hawa da sauka, hannun ƙofa ya shafe da jikin motar, rumfar kuma in ta naɗe sai ta shige ƙarƙashin murfin ƙarfe. Tayoyinta inci 13 ne, ƙanana ainun a idon mutanen wancan zamani, don kawai motar ta ƙara kwantawa.

Abin da na fi so a tsaya a kai shi ne wannan: Earl bai ajiye ta a ɗakin kallo ba. Hawa ya riƙa yi a titunan Detroit, sama da shekara goma, sai a 1951 ya sauya ta da wata motar gwajin, Le Sabre. Mutumin da zai shiga mota kullum da safe ba zai yarda a toshe masa gilashin baya don hoto ya yi kyau ba. Shi ya sa ragar gaban Y-Job mai sanduna a tsaye ta bi Buick shekaru masu yawa, gilashin lantarki kuwa yau har a tsohuwar tasi akwai shi.

Za a ce ai a Type 00 kyamara ta maye gurbin gilashin baya. To, ranar da ƙura ta rufe ta fa?

Jaguar ta tsayar da sayar da sababbin motoci a Birtaniya a Nuwambar 2024, ta saki tallar da babu ko taya a ciki, sannan ta ce mu yi tafi. Kamfanin da ya haifi shahararriyar motar nan E-Type a 1961 ke nan fa! In da gaske suke, su miƙa wa shugaban masu zanensu makullin Type 00, ya riƙa zuwa ofis da ita cikin ruwan saman Ingila na shekara guda, mu ga abin da zai fara cirewa.