Yaro na ci yana ramewa: a tambayi burodi

Duk wanda ya bi titunan Yamai da sassafe ya ga yadda cimarmu ta sauya. Teburin mai shayi cike da dogon burodi, ana tsagawa ana shafa mayonas, da rana taliya, fanke kuma a hannun yara. Alkama ke nan safe da yamma, a ƙasar da iyayenmu suka girma da fura da tuwon hatsi.

Yawancin mutane ba ta yi musu komai. Amma a cikin alkama da sha'ir akwai sinadarin da ake kira guluten, kuma akwai jikin da ke ɗaukarsa abokin gaba. Da an ci, garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji, ta lalata ƴan tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Ciki ya cika, jiki bai samu ba. Sai zawo mara jin magani, kumburin ciki, ƙarancin jini, kasala, yaro ya tsumbure. Likitoci na kiranta cutar seliyak, kuma a duniya kusan mutum 1 cikin 100 na ɗauke da ita.

An daɗe ana ɗaukarta ciwon Turawa. Binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, waɗanda garin alkama ya zama abincinsu na kullum, ya sami alamarta a jinin kashi 5.6 cikin 100. Ƴan Saharar nan tamu ne fa.

Abin da ke ci mini rai shi ne uwar da ke ta zarya da ɗanta. Yau maganin tsutsa, gobe na taifot, jibi a ce tamowa ce. Ta dawo gida ta ƙara masa burodi da biskit don ya murmure, alhali mai yiwuwa su ne ke ramar da shi. Ya kamata tambayar abin da yaro ke ci ta zama al'ada a asibitocinmu, gwajin jinin kuma ya samu a farashin talaka.

Ba kowane ciwon ciki ne daga alkama ba, kuma kada a yanke ta kafin gwaji, don in an daina ci jini na iya nuna lafiya lau. In cutar ta tabbata, maganinta barin alkama har abada. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake da rogo duk ba su da guluten. Sai dai a tambayi mai masa ko ta zuba fulawa a ƙullunta.