Tabulet a aji ɗaya? A bari yaro ya iya riƙe fensir tukuna

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je taron iyaye da malamai a makarantar da 'yar autata take, wata makarantar kuɗi ce a nan Zariya, kuma tun da na baro wurin raina bai kwanta ba. Hajiya mai makarantar ta miƙe ta ce daga zango mai zuwa kowane ɗan aji ɗaya sai ya zo da tabulet, wato 'yar kwamfutar hannu mai kama da babbar waya, a wurinsu za a saya, kuɗinta kuma ya ɗara kuɗin makaranta na zango guda. Wai aikin aji da na gida duk a ciki za a riƙa yi. Na ɗaga hannu na ce Hajiya don Allah yaran nan nawa ne a cikinsu suka iya rubuta sunansu ba tare da an kama musu hannu ba? Sai wani bawan Allah daga baya ya ce haba Malam, zamani ne fa, kar mu bar 'ya'yanmu a baya. Aka yi masa tafi.

Wannan kalma ta zamani ita ce ake rufe mana baki da ita duk lokacin da za a sayar mana da wani abu, kuma ba hujja ba ce ko kaɗan.

Ni na ga abin da idona tun kafin makaranta ta kawo maganar. Lokacin hutu yayarta ta sauke mata wata manhajar koyon baƙaƙe a waya, yarinya ta zauna tana dangwala yatsa, in ta dace a yi mata tafi a watso taurari, in ta kuskure ta sake dangwala na kusa da shi har ta dace. Ta kai mataki na ban san nawa ba, muna ta murna. Rannan na yago takarda na ba ta fensir na ce rubuta min "baba". Ta damƙe fensirin kamar muciya, b ɗinta ta juya ta koma d, ta goge har takardar ta huje, daga ƙarshe ta ɗago ta kalle ni idonta ya ciko da hawaye. Wallahi abin ya taɓa ni, don ba laifinta ba ne, canki-canka na'urar ta koya mata mu kuma muka ɗauka karatu ne. Ga shi manhajar ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, muryar wata Baturiya ce ke kiran sunan 'ya'yan itacen da yarinyar ba ta taɓa gani a kasuwar Sabon Gari ba.

Abin da ɗan shekara shida yake buƙata a aji ba ɓoyayye ba ne. Hannunsa ya yi ƙwari, ya ja layi ya zagaya ya goge ya sake. Ya ji malama ta furta ba, bi, bu ya maimaita da bakinsa, ita kuma ta ji inda harshensa ya karkace ta gyara nan take. Malamar ajin nasu tana da wani tsohon gwangwanin madara cike da murafen kwalba da ƙwallon dabino, ta zube su a kan benci, yara uku-uku, wannan ya ware bakwai wancan ya kwashe uku, su yi ta gardama nawa ya rage har su daidaita. A nan yarinyata ta gane ɗebewa, a nan ta koyi jiran layi da sauraron ɗan'uwanta. Mu da muka tashi da allo da tawada mun san wannan, ka rubuta da hannunka, ka biya, ka wanke, ka sake rubutawa, shi ya sa har yau yake zaune a ka.

Masu cewa haka Turawa ke yi, su bincika mana. Ƙasar Suwidin da ta yi nisa wajen cusa na'urori a azuzuwan ƙananan yara, a 2023 ministar makarantunta Lotta Edholm ta fito ta ce a koma littafin takarda da rubutun hannu, gwamnati ta ware kuɗin sayen littattafai. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, da aka yi bincike a 2012 ba a ga wani ƙari a lissafi ko karatun yaran ba. Waɗanda suka riga mu shiga ruwan suna fitowa, mu kuma yanzu muke naɗe wando, a garin da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Wa zai yi cajin? Wa zai biya kuɗin data? In ta faɗi gilashin ya fashe a cikin keke napep, wa zai saya wata, uban da da kyar ya haɗa kuɗin yunifom?

Kuma mu daina yaudarar kanmu, ciwon iliminmu a wurin malami yake. Ba mu manta 2017 ba, lokacin da gwamnatin El-Rufai ta jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba. Ko me mutum zai ce kan yadda aka yi korar, abin ya nuna inda gizo ke saƙa. Makarantun kuɗin ma da ke tallan tabulet, a tambaye su nawa suke biyan malamar aji ɗaya a wata, da yawansu kunya ba za ta bari su faɗa ba. Malama ta wuni da yara arba'in, albashinta bai kai kuɗin na'ura ɗaya da za a rataya wa yaro ba, sannan a ce ana neman inganci.

Abin ya fi min ciwo da yake a Zariya ne. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin kamfanin Gaskiya da ya cika Arewa da littattafan Hausa, yau ɗan aji ɗaya ba shi da ɗan littafin labari ko ɗaya da harshen uwarsa a cikin jaka. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga makarantar horar da malamai, masana ilimin yara birjik, amma dillalin na'ura ne ke tsara mana aji.

Ban ce a haramta kwamfuta ba, in sun kai aji huɗu ko biyar a kai su ɗakin kwamfuta su koya. Yanzu dai a ƙara wa malamai albashi, a rage cunkoso, a sayo littattafai. Na rubuta wa Hajiya takarda na ce ni ba zan saya ba, iyaye shida sun sa hannu tare da ni, ranar Litinin da safe zan kai mata ofis da kaina.